Magani Kyauta: Wa Ke Biya? Darasi Daga Binciken Manufar Kiwon Lafiya a Nijar

Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana cin kasuwannin kan iyaka, daga Jibiya zuwa Ɗan Isa, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko daga Mai'aduwa zuwa Matamaye, ya san ba hatsi da dabbobi kaɗai ke tsallaka iyaka ba. Labari ma yana tsallakawa, kuma yakan riga mai shi isa. Cikin labaran da suka daɗe suna yawo a bakin mata har da wanda ke cewa a Nijar ana duba yara kyauta. Wata za ta rantse ta kai ɗanta an ba shi magani, ba ta biya ko dala ba. Wata kuwa za ta ce zancen banza ne, ita takarda aka rubuta mata, aka ce ta je ta sayo. Abin mamakin shi ne dukansu biyu gaskiya suka faɗa.

Wannan darasi zai bayyana yadda aka yi doka ɗaya ta haifar da labari biyu. Masana zamantakewa sun shafe shekaru suna bin diddigin lamarin, kuma abin da suka gano ba zai yi wa ɗan kasuwa wuyar fahimta ba, domin magana ce ta jari da bashi. Sanin sa zai taimaki magidanci ya yi shiri tun kafin ciwo ya zo, ya kuma san abin da zai tambaya idan ya isa gidan likita.

Mene ne binciken zamantakewa?

Idan gwamnati ta yanke shawarar yin wani abu domin jin daɗin jama'a, kamar gina makarantu ko rage kuɗin asibiti, wannan shawara ita ake kira manufa. Manufa a kan takarda take farawa. Kafin ta isa ga mai jego a ƙauye, sai ta bi ta hannun minista, da ma'aikacin baitulmali, da direban motar magani, da majo mai shugabantar gidan likita. Kowane hannu yana iya ƙara mata wani abu ko ya rage. Aikin mai binciken zamantakewa shi ne ya bi sawunta tun daga ofis har bakin ƙofar talaka, ya ga abin da ya iso da abin da ya zube a hanya.

Hanyoyin binciken manya guda biyu ne. Ta farko ita ce ƙidaya: a duba littattafan asibiti wata bayan wata, ko a zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a a yi musu tambayoyi iri ɗaya, sannan a haɗa lissafi. Irin wannan aiki ne hukumar ƙididdiga ta Nijar ta yi a manyan binciken lafiyar iyali na 2006 da 2012. Ta biyu ita ce zama da jama'a: mai bincike ya tare a gari makonni, yana zama a bencin masu jiran likita, yana hira da ungozoma da mai gari da mai kula da ɗakin magani, yana gwada abin da aka faɗa masa da abin da idonsa ya gani. Ɗan kasuwa yana yin duka biyun ba tare da ya ba su suna ba. Ƙirga ciniki da dare yana gaya masa ko an samu ko an faɗi. Sauraron masu saye da rana yana gaya masa dalili.

A Yamai akwai cibiyar bincike mai suna LASDEL, wadda aka kafa a 2001, da ta shahara a kan hanya ta biyu. Yawancin abin da za a kawo a tsakiyar darasin nan daga aikin masananta ya fito.

Kafin a ce kyauta

Bayan samun mulkin kai, ƙasashen yankinmu da dama sun ce duba mara lafiya a asibitin gwamnati kyauta ne. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai aka wayi gari ginin yana nan, ma'aikaci yana nan, amma babu ko ƙwayar magani. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince da wani sabon tsari. Mara lafiya zai biya ɗan kuɗi, kwamitin mutanen gari zai riƙe kuɗin, a sayo magani mai rahusa da shi, a sayar, a sake sayowa. Ke nan kowane gidan likita ya zama kamar ƙaramin kanti mai jarin kansa.

Nijar ba ta shiga tsarin kai tsaye ba, sai da ta yi gwaji a 1993 a gundumomi uku. A Say, mara lafiya yana biyan kuɗin kowace jinya a bakin ƙofa. A Boboye, jama'a suna ba da ɗan haraji sau ɗaya a shekara, sannan wanda ya kamu da ciwo ya ƙara wani abu kaɗan. Gundumar Illela ta jihar Tawa, wadda ba ita ce Illelar Sakkwato ba, aka bar ta yadda take domin a samu abin gwadawa. Da aka haɗa lissafi, sai aka ga masu zuwa asibiti sun ƙaru sosai a Boboye, har da talakawa, alhali ba a ga irin wannan ƙaruwa a Say ba. Ma'anar wannan a fili take: karo-karo tun ana lafiya ya fi wa talaka sauƙi a kan neman kuɗi a ranar da ciwo ya kwantar da shi.

A 1995 aka yi dokar biyan kuɗin jinya ta ƙasa baki ɗaya, amma abin da ya game ƙasa a aikace shi ne biya a bakin ƙofa. Magani ya dawo kan kanta, kuma wannan ci gaba ne da ba a musu a kansa. Sai dai wanda ba shi da kuɗi ya koma jinya a gida. An tanadi sassauci ga matalauta a kan takarda, amma bincike a ƙasashen Sahel ya nuna ba kasafai ake aiki da shi ba, domin kowane mara lafiya da aka yafe wa ragi ne a jarin kwamiti. Uwa takan jira kwana biyu ko uku ko zazzaɓi zai sauka, ko maigida zai dawo daga kasuwa da kuɗi, kuma zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙaramin yaro ba ya jiran ranar kasuwa.

Shawarar 2005 zuwa 2007

Shekarar 2005 ta zo wa Nijar da matsananciyar matsalar abinci. A jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa, ƙungiyoyin agaji sun karɓi dubban yara masu tamowa ba tare da karɓar kuɗi ba, kuma cikar cibiyoyinsu ta nuna wa kowa yawan yaran da ke fama a gida ba a kai su asibiti. A ƙarshen wannan shekara, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa. A 2006 ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da na awon ciki, da na magungunan ba da tazarar haihuwa. A 2007 aka ƙara da jinyar sankarar mata. Haihuwa ta yau da kullum, wadda ba ta kai ga tiyata ba, ba ta shiga jerin ba a wancan lokaci, kuma wannan ya daɗe yana rikita iyalai.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura da yadda aka tsara biyan. Ba a aika wa gidajen likita magani ko kuɗi tun farko ba. Cewa aka yi su duba yaro, su ba shi magani daga kantarsu, su rubuta takardar neman biya, gwamnati za ta mayar musu daga baya. Takardar takan tashi daga gidan likita zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha, daga jiha zuwa ma'aikatar lafiya a Yamai, daga can zuwa baitulmali, sannan kuɗi ya juyo ta hanyar da takarda ta bi. A harshen kasuwa, gwamnati ta zama babban mai saye wanda ke ɗaukar kaya bashi a madadin yara da mata. Kalmar kyauta ta shafi uwar yaro ne kawai. Maganin kansa sai an saye shi, kuma dole wani ya biya.

Abin da ƙidaya ta nuna

Abu na farko da littattafan asibiti suka nuna shi ne iyaye sun amsa kira. Yawan yaran da ake kawowa ya haura nan take, kuma bai koma yadda yake a da ba. An ga haka ƙarara a gundumomin Mayahi da Tera, inda ƙungiyar HELP ta ƙasar Jamus ta tallafa wa tsarin tun 2006, da kuma Keita, inda wata ƙungiyar likitoci ta Faransa ta yi irin wannan aiki. Wannan ya warware wata tsohuwar gardama. An daɗe ana cewa jahilci da camfi ne ke hana mutanen karkara zuwa asibiti. Da aka cire kuɗi, mutanen nan dai, da al'adunsu yadda suke, suka cika harabar gidajen likita. Ashe aljihu ne babban shingen.

Abu na biyu ya fi nauyi. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa a 1998, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa da rai a Nijar, 226 ne ke rasuwa kafin su cika shekara biyar. Zuwa 2009 adadin ya sauka zuwa 128. Masu nazarin ba su jingina nasarar ga abu ɗaya ba. Sun ambaci rabon gidan sauro mai magani, da ba da sinadarin bitamin A, da kula da tamowa, da ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2,000 da aka gina a ƙauyuka, tare da ɗauke kuɗin jinya da ya sa ake kai yara masu zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari da wuri. Wannan taka-tsantsan alama ce ta bincike nagari: idan abubuwa da yawa sun faru a lokaci ɗaya, ba a ɗora wa ɗaya daga cikinsu dukkan yabo ko dukkan laifi.

Abin da zama da jama'a ya nuna

Lissafi ya ce yara sun ƙaru, mace-mace sun ragu. To daga ina labarin matar da aka rubuta wa takarda ya fito? Amsar tana cikin aikin da masanan LASDEL suka yi a Nijar, wanda aka haɗa da na Mali da Burkina Faso a wani littafi da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka shirya a 2014. Sun tarar da abubuwa kamar haka.

Na ɗaya, an yanke shawarar cikin gaggawa, daga sama. Ba a yi cikakken lissafin abin da za ta ci ba, ba a nemi shawarar ma'aikatan da za su aiwatar da ita ba, kuma kuɗin da ake fitarwa kowace shekara bai kai yawan takardun neman biya ba.

Na biyu, biyan ya riƙa jinkiri, daga watanni har ya kai shekaru, bashin ya taru ya kai biliyoyin sefa. A ɗauka mai kanti ne wanda yawancin masu sayensa suka koma ɗaukar kaya da sunan wani attajiri, attajirin kuwa ya ce a dakace shi. Watan farko zai cike gurbi da ribar da ya tara. Wata na shida zai fara karɓar kaya bashi a wurin dila. Bayan shekara dila zai rufe masa ƙofa. Haka ya faru ga gidajen likita da yawa. Yara su ne mafi yawan masu zuwa, don haka da kuɗinsu ya daina shigowa, jarin da kwamitoci suka tara tun zamanin tsarin Bamako ya narke, kanta ta bushe.

Na uku, ma'aikata sun nemo wa kansu dabaru. Aïssa Diarra da Abdoulaye Ousseini sun rubuta a kan waɗannan dabaru. Wani majo zai duba yaro kyauta, amma ya rubuta takarda a je a sayo magani a waje. Wani zai ba da wani ɓangare na maganin, ya rubuta sauran. Wani zai yi amfani da kuɗin manya ya sayo maganin yara. A jihar Dosso an ɓullo da karɓar dala ashirin, wato sefa 100, daga kowane mai zuwa, domin tara kuɗin man motar da za ta kai mara lafiya babban asibiti. Tsarin ya taimaka wajen kai mata masu naƙuda, amma ya jawo gardama a kan ko ya saɓa wa dokar kyauta. Olivier de Sardan yana kiran irin waɗannan ɗabi'u ƙa'idojin aikace: dokokin da ba a rubuta ba, waɗanda ma'aikata ke bi a zahiri idan dokar takarda ta gagara. Wasu daga ciki ceto ne ga mara lafiya, wasu kuwa ƙofa ce ga mai son zuciya. Wanda ke tsaye a layi ba ya iya bambance su, shi ya sa zargi ya yi yawa.

Na huɗu, ba a yi wa jama'a cikakken bayani ba. Da yawa sun ji kyauta a rediyo, suka ɗauka komai da kowa ya shiga. Da aka nemi kuɗin haihuwa, ko na yaro ɗan shekara shida, sai suka ɗauka cuta ce. Su ma ma'aikata, da aiki ya yi musu yawa, suka riƙa zargin mata da kawo yara masu lafiya don su tara magani. Amana ta yi rauni ta ɓangarorin biyu, alhali tushen matsalar yana can nesa da su duka.

Na biyar, inda wata ƙungiya ta tsaya ta tabbatar magani yana isowa kuma ana biya a kan kari, tsarin ya yi aiki yadda aka so. Wannan shi ne mafi muhimmancin abin da aka gano. Manufar ba ta da aibi a kanta. Inda aka biya bashi ta tsaya da ƙafarta, inda aka ƙi biya ta durƙusa.

Akwai kuma kuɗin da babu dokar da ta ɗauke: kuɗin mota ko amalanke, abincin mai jinya, da ranakun kasuwa da za a rasa. Ga iyalin da ke nesa da gidan likita, waɗannan kan fi kuɗin maganin kansa yawa.

Yadda maƙwabta suka yi

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce, kuma kowace ƙasa da hanyar da ta bi. Mali ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005. Burkina Faso ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da na mata masu ciki a 2016, kuma ta tsara a riƙa tura wa asibitoci kuɗi tun gaba maimakon su jira biya, ko da yake ita ma ta gamu da jinkiri daga baya. Gana ta bi hanyar inshora da dokar 2003, sannan a 2008 ta buɗe wa mata masu ciki rajista ba tare da biya ba. Duk wanda ke da dangi a zangon Kumasi ko na Akara ya san darajar katin nan, ya kuma san kukan da asibitoci ke yi na jinkirin biya. A arewacin Kamaru, tun 2015 mace mai ciki kan sayi takardar lafiya ta jika shida, wadda ke ɗaukar nauyin awo da haihuwa da tiyata idan ta kama, har zuwa kwana 42 bayan haihuwa. A Najeriya dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, amma abin da ake samu kyauta ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Nijar kanta, a watan Agusta na 2024 gwamnati ta sanar da rage rabin kuɗin ayyuka da dama a asibitocinta, da kuma ɗauke kuɗin haihuwa.

Sunaye sun bambanta, amma tambayar da za a auna kowane tsari da ita ɗaya ce: wa zai biya, kuma yaushe kuɗin zai isa hannun wanda ya ba da magani? Matafiyi kuma ya riƙe cewa dokar wannan gefe ba ita ce ta wancan gefe ba.

Abin da ya rage ga iyali

Bashin gwamnati ba a hannun magidanci yake ba, amma akwai abubuwan da ke hannunsa.

Kada labarin ƙarewar magani ya hana ku zuwa. Ko da kanta ta bushe, ma'aikaci zai gwada jinin yaro, ya gane ko zazzaɓin cizon sauro ne ko wani ciwo, ya rubuta maganin da ya dace da nauyinsa. Wannan ya fi sayen ƙwayoyi a kan tire, waɗanda rana ta dafa, ba a san asalinsu ba. A kai yaro tun ranar farko ta zazzaɓi. Idan ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari yana lotsawa, to ba a jiran gari ya waye. Haka mai ciki da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko jijjiga, ko naƙudar da ta wuce awa goma sha biyu.

Ku tanadi kuɗin mota tun ana lafiya. Darasin Boboye yana nan daram, kuma 'yan kasuwa sun fi kowa sanin adashi. Ƙungiyar masu sayar da hatsi ko ta mata masu ƙuli-ƙuli tana iya ware ɗan asusu na gaggawa, a san mai riƙe shi, a san direban da za a kira ko da tsakar dare. Maigida mai tafiye-tafiye ya bar wa iyalinsa kuɗi da izinin fita tun kafin ya kama hanya, domin jiran izini ya sha cinye awoyin da ake ceton rai a cikinsu.

Ku riƙe takardu. Karne ko katin awo da na rigakafi su kasance cikin jakar tafiya, musamman ga masu zama wata a nan wata a can. Su ne shaidar shekarun yaro, su ne kuma ke gaya wa ma'aikacin wata ƙasa abin da aka riga aka yi masa.

Ku yi tambaya cikin ladabi. Idan an nemi kuɗi, a ce: “Malam, don Allah kuɗin mene ne wannan? Ya shiga cikin abin da gwamnati ta ɗauke ko bai shiga ba?” A nemi rasit. Idan an ce babu magani, a tambayi ko akwai irinsa mai rahusa, da inda ake samun mai inganci. Ma'aikacin da ke gabanku sau da yawa shi ma yana jiran biyan da bai zo ba.

Ku san wakilanku. Gidajen likita a Nijar suna da kwamitin gudanarwa na mutanen gari, a Najeriya ma akwai kwamitocin raya mazaɓa masu sa ido a kan ƙananan asibitoci. Wanda ya iya riƙe littafin bashin kantinsa zai iya duba littafin kwamiti, ya tambayi takardu nawa aka tura, nawa aka biya, wane magani ne ya ƙare, tun yaushe. Koken da ke tafe da adadi da kwanan wata ya fi shiga kunnen magajin gari a kan gunaguni a bakin rijiya.

Idan mai bincike ya yi sallama

Duk abin da aka kawo a darasin nan daga bakin mutane irinku ya fito. Wata rana ƙila a yi sallama a ƙofarku ko a rumfarku da takarda ko waya a hannu. Kuna da haƙƙin ku san sunan hukumar da ta aiko shi da abin da za a yi da amsoshinku. Kuna da haƙƙin ku ƙi amsawa, ko ku tsaya a tsakiya, ba tare da ya shafi jinyarku a asibiti ba. Ba a buga sunan mai amsa a rahoto. Mai bincike na gaskiya ba ya karɓar kuɗi, ba ya neman lambar sirrin asusunku.

Idan kun yarda ku amsa, ku faɗi abin da yake. Bincike daban, rajistar tallafi daban. Wani kan ƙara wa talaucinsa gishiri da zaton za a sa sunansa a jerin rabo, wani kuma kan ce komai lafiya don kunya ko tsoron ɓata wa majo. Dukansu suna karkatar da ma'auni, kuma da ma'aunin nan ne za a auna maganin da za a turo garinku baɗi. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ya ɓoye maganinsa. Idan an biya kuɗi, a faɗi nawa. Idan an sami magani kyauta, a faɗa. Kuma kada a ji nauyin tambayar yaushe za a dawo a gaya wa gari abin da aka gano.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A gidan likita mafi kusa da ku, waɗanne ayyuka ne aka ɗauke wa kuɗi a yau, kuma wa ya tabbatar muku?
2. Me ya sa masu zuwa asibiti suka ƙaru a Boboye fiye da Say? Akwai abin da ya yi kama da tsarin Boboye a ƙungiyarku?
3. Idan yaro ya fara jijjiga da tsakar dare maigida yana kan hanya, wa zai yanke shawara, da wane kuɗi, da wace mota?
4. Su wane ne wakilan unguwarku a kwamitin gidan likita, kuma yaushe suka yi wa jama'a bayani na ƙarshe?

A karanta wannan takarda a majalisa, a wurin adashi, da wurin suna, a kuma karanta wa wanda bai iya karatun boko ba. Amsoshin da kuka samu na tambaya ta ɗaya da ta huɗu, ku rubuta su a bayan takardar, ku ajiye ta tare da katin rigakafin yara. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya raya mana zuriya.